Tanti Yolande, mai buɗe but ɗin mota

Ƙarfe bakwai da rabi Tanti Yolande Cuffie ke sauka daga tasi a ƙofar ofishin dillalan inshora da ke babban titin garin Siparia, da laimarta da kwanon abincinta. Shekara ashirin da tara ke nan. Duk wanda ya zo yi wa motarsa inshora, kafin ta ɗauki biro sai ta miƙe ta ce, "Taso mu je ka buɗe min but." Ta leƙa, ta shinshina. In ta ga tsani ko gwangwanin fenti, ko ta ji ƙarnin kifi, magana ta ƙare. Ba za ta rubuta cewa motarka ta hawa ce kawai ba alhali da ita kake neman abinci.

Ranar Juma'ar nan za a sallame ta. Wai ritaya. Ƙarya ce! Sabon manaja ne ya ce tana tara layi, tana korar masu saye, yanzu mutum na gama komai a waya cikin minti uku. To, wayar za ta fita ta shinshina but? Raina a ɓace nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Sunana Nazrun Baksh. Kek na biki nake yi, ni ce kuma mai kai wa mutane da motata. Shekara shida da suka wuce na zauna a gaban teburinta na ce, "Motar cefane ce kawai, Tanti, sai kai yara makaranta."

Muka fita. Ta buɗe but, ta goga yatsa a kan shimfiɗar, ta ɗago shi fari fat.

"Yaran naki da sukari ake barbaɗe su?"

"Haba Tanti, kek ɗaya biyu a wata shi ne aiki?"

"'Yar nan, saurara. Ranar da kika buge mutum da kek a baya, kamfani zai ce motar tana bakin aiki, takardarki kuwa ba ta ambaci aiki ba. Su zame su bar ki. Wa zai biya asibiti? Gidanki za a sayar."

Ƙarin dala ɗari tara ne a shekara in an rubuta motar aiki ce. Na tashi na zazzage mata a gaban mutane, na ce kamasho take nema, tsohuwa mai hancin kare. Ta turo min takarda. Na sa hannu don kawai tsohuwar inshorata ranar take ƙarewa, kuma daga nan ko a kasuwa muka haɗu ba na gaishe ta.

Bayan wata takwas, wata Asabar da rana, na ɗauko kek mai hawa uku zan kai garin Penal. Ana ruwa. A wata kwana mota ta sulluɓe min, na kwashe Mista Carlyle, mai gyaran famfo, a kan kekensa. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, ƙashi a waje.

Faizul, ƙanin mijina, ya riga kowa zuwa. Ko kallon mutumin bai yi ba. "Nazrun, fito da kek ɗin! Jefa shi a daji kafin 'yan sanda su iso!"

Haka muke yi a garin nan, kowa ya sani. Mutum na kwance a kwalta yana jini, mu kuma muna ta kwashe kifi da fenti da tukwane muna ɓoyewa, don kada a gane motar aiki ce. Allah wadai! Kuma ni ma na ɗago akwatin, wallahi har na juya zan nufi dajin. Sai na tuna takardar da na sa wa hannu ina zagi. Na dire kek ɗin a inda yake, na je na tallafe kan Mista Carlyle har motar asibiti ta zo.

Mai binciken kamfani ya zo ranar Litinin. Bai tambayi ƙafar mutum ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kek ɗin nan na sayarwa ne?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya karanta takardata sau biyu, ya haɗe rai, ya rasa ta inda zai kama. Duk da haka sai da suka ja mu wata huɗu. Mista Carlyle shaida ne: Tanti ce ta riƙa buga musu waya kowace safiya, ta je asibiti sau uku da kanta karɓo takardun likita, har aka biya kuɗin aikin ƙafar da na watannin da ya yi a kwance. Gidan da mahaifina ya bar min yana nan, ba a taɓa ko taga ba.

Tanti, ke ce wadda aka zaga a gaban jama'a kika haɗiye. Ke ce mai tambayar da ba wanda ke son ji. Da kin so, da kin rubuta abin da na faɗa, na tafi ina sa miki albarka, manaja ya yaba miki, ranar tsautsayi kuma ba ruwanki. Kin zaɓi a ƙi ki, yau kuma a kan wannan halin ake nuna miki ƙofa. Na gode, Tanti. Allah ya saka miki.

Ku da kuka rage a teburan nan, ku tashi daga kujera ku je ku duba. Ku kuma masu kai kaya da motar gida, ku faɗi gaskiya tun kafin a tambaye ku a gefen titi.

Shekara shida ban ba ki haƙuri ba, kunya ta hana ni. Ga shi yau a gaban kowa: ki yafe min. Ranar Juma'a ofis bai shirya miki komai ba, mu mun shirya. Zan tsaya a ƙofa da kek a but, ki fito ki buɗe da kanki. Mista Carlyle ya ce kada in ɗauko shi a mota. Da ƙafarsa zai tako.