Motar Mati da Alƙiblar Rogo

Duk wanda ya san Mati Direba ya san ba ya ajiye motarsa sai ta dubi gabas. Ni maƙwabcinsa ne a Karaye, zamanin Turawa, lokacin da ake kwasar gyaɗa zuwa Kano. Da yamma sai ya yi ta gaba da baya a ƙofar gida har hancin tsohuwar motar ya daidaita da alƙibla, sannan ya sauko ya ce, "To Hajiya, mu kwana lafiya."

Na ce, "Mati, ƙarfe ce fa."

Ya ce, "Kai ma ƙasa ne, amma kana salla."

Abin haushin, a Karaye da ya murɗa handul, ƙarfen tada inji, take tashi. In ta kwana a Rogo wurin ɗaukar gyaɗa kuwa, ya yi ta murɗawa ke nan har hantsi, gumi sharkaf. Sai ya cire bututun mai ya zuƙo da baki. Don tsabar tsimi ko tofarwa ba ya yi, a gwangwani yake tarawa ya mayar tanki.

Wai shi ya gano ciwon, tunda a Rogo da masallaci yake daidaita hancinta. Ya tafi wurin ladanin Rogo ya ce, "Malam, a duba alƙiblarku, ta karkace."

Ladan ya ce, "Wa ya faɗa?"

"Hajiya."

"Wace Hajiyar?"

Da ya nuna motar, da ƙyar aka raba su.

Muna ta dariya, ashe abin ya kai wa Alhajin da ke da motar iya wuya. Ya ce Mati ya tsufa, in gyaɗa ta sake makara zai karɓi makulli. Mati ba gona, ba wata sana'a. Ranar na ga tsoro a idonsa, wallahi ya ba ni tausayi. Ni na roƙi Alhaji ya turo makanike tukuna.

Makaniken ya bi Mati da motar zuwa Rogo, ya ga masaukinsu tudu ne, hancin mota na sama. Ya tambaya, aka ce ƙofar gidan Mati gangara ce ta gabas. Da suka dawo, ya kwance famfon mai ya nuna mana ɗan bawul mai hana mai komawa baya, ya cinye. In hanci na sama, sai mai ya sulale ya koma tanki, bututu ya kwana a bushe. A Karaye gangara ke riƙe shi.

Aka sauya bawul, ta koma tashi ko ina ta duba. Mati ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kun mayar da ita Baturiya." Bai taɓa ba ladan haƙuri ba, amma makulli na hannunsa har idonsa ya gaza.

Allah ya jiƙan Mati. Ya sha wahalar tada Hajiya, Allah ya tashe shi cikin sauƙi.