Jinin Ƙanena da Shanun Safana

A lokacin ni ne babba a gidanmu a Runka, ga zafin kai, ga son abin duniya, ba mai gaya mini in ji. Yanzu na tsufa, abin ya ƙi barin ƙirjina, shi ya sa na roƙi wani malami ya rubuta mini shi.

Maƙwabcin gonarmu ne ya kashe ƙanena. Rigimar iyaka ce, ya kai masa ƙotar fartanya a ƙeya, ko shurawa bai yi ba. Ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana. Da aka kai mu gaban alƙali a birnin Katsina, mutumin bai yi musu ba, aka ce magana tana hannuna: ko kisa, ko yafiya a kan diyya. Inna ta riƙe mini riga tana kuka, ta ce kada in sayar da jinin ɗanta. Na ce mata marayu ba jini za su ci ba. Aka yi sulhu a kan zai riƙa kawo mana rabin geron gonarsa duk kaka har shekara goma.

Kaka ɗaya ya kawo. Sai ya zo ya ce akwai wani Bafulatani wajen Safana da ya ci bashin hatsinsa shekarar fari a kan zai biya da shanu, in na yarda a mayar da diyyar a wuyan Bafulatanin. Na je ruga na ga shanun, farare tas, ƙosassu. Wallahi a nan hankalina ya gudu. Matar ƙanena ta ce ita gero ya ishe ta, na daka mata tsawa. Da muka koma gaban alƙali, ya tambaye ni sau uku ko na san daga yau babu sauran komai tsakanina da mai kisan. Sau uku na ce na yarda, har ina jin haushin yawan tambayar.

Bafulatanin ya ce in jira bayan damina. Kafin nan annobar shanu ta shigo ƙasar. Na iske shi zaune cikin mushe, ga wari, ga ungulu, ko ɗan maraƙi bai tsira ba. Da na yi masa maganar haƙƙina, sai ya nuna mini su da sanda ya ce in zaɓa.

Na koma birni kamar mahaukaci, na ce ko a mayar mini da gerona ko a kashe mutumin. Alƙali ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce ba a tsayar da mutum sau biyu a kan rai ɗaya, jinin da aka yafe ba ya dawowa. Gero kuwa, ni da bakina na sauke masa shi daga wuya.

Inna ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta rasu. Shekarar nan yunwa ta shiga gidanmu, ƙaramar marayun ta kwanta. Wata ranar kasuwar Batsari sai ga mai kisan ya tare ni da damin gero biyu a kan jaki, ya ce sadaka ce ga yaran. Kaico! Na karɓa, har da godiya.

Jama'a, in haƙƙin marayu ya zo hannunku, kada ku canza masa wuya don kwaɗayi, kuma in alƙali ya maimaita tambaya, ku tsaya ku ji. Geron da yake haƙƙinsu ne, ni na mayar da shi sadaka, na durƙusa na karɓo musu daga hannun da ya kashe ubansu.