Wiebe da Kwalin da Ɓera Ya Ci

Ranar bikin 'yar mai gidan burodi, daidai amarya ta sako ƙafa daga coci, akwatin kiɗan maƙwabcinmu Wiebe Zandstra ya saki tusa. Ba 'yar ƙarama ba, irin wadda ke tashin tattabaru daga kan gada.

Tun yana da gashi a ka Wiebe ke tura akwatin nan a titunan garinmu Leeuwarden. Ƙato ne kamar rumfa a kan taya, cike da sarewa da ganguna. Kiɗan kuwa a jikin dogon kwali mai huji-huji yake: ka juya mariƙi, kwalin ya shige, kowane huji ya busa sarewarsa. Sai dai akwatin na Douwe ne, yayan matarsa, wanda ya daɗe yana neman dalilin da zai sa wa akwatin inji mai juya mariƙi, ya sallami Wiebe.

"Kiɗa a kwali yake, ba a hannunka ba," in ji Douwe da safen nan. "Ka kunyata ni yau, gobe inji."

Ashe gogan naka a ninkin kwalin yake ɓoye cukunsa, don likita ya hana shi, matarsa Aaltje kuma ba ta da wasa. Ɓeraye suka gano. Suka cinye cuku, suka zarce kan kwali, suka huda nasu hujin.

Tusa ta biyu ta fita. Yara suka zube ƙasa don dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wiebe, kai ne ko akwatin?"

Gumi ya karyo masa. Ya leƙa, ga wani cizon ɓera yana tahowa. Bai san lokacin da hannunsa ya sassauta ba, sai ƙarar ta faɗa daidai kan bugun ganga. Kai! Ya raka ta da dukan ƙasa da takalminsa na katako. Na gaba ya zo, ya fizgi mariƙi ya wuce shi a guje. Da wani cizon ya zo, ya ja mariƙin a hankali har sarewa ta yi kamar za ta yi kuka. Shi kansa bai san abin da zai biyo ba, hannun ne ke gaba, shi yana bi.

Amarya ta tattare riga ta faɗa rawa. Ango ya bi, mai burodi ya bi da gari a gashin baki. Layi ya kaure: "A sake! A sake!" Ya sake, wani kiɗan daban ya fito.

Inji dai har yau yana kanti. Don Douwe, da ya gama tasa rawar, ya zo yana haki ya ce, "Kada ka fasa kai, suruki. Ɓera ne ya yi kiɗan nan."

"To Yaya, sayo injin ka ba shi kwalin," in ji Wiebe. "In ya sa wannan tumbin naka rawa, ni zan riƙa kawo masa cuku."