Wurin da Mutayoba ya ajiye wa kansa

Shekara arba'in Mutayoba yana cin abinci da mutuwa. Yana ɗan ashirin da biyu ya bar garinsu Bukoba ya tafi birnin Darussalam, ya samu shiga wasan kwaikwayo na rediyo. Allah ya ba shi wani irin kakarin ajali, wanda in ya yi shi, mata kan ajiye girki su share hawaye. Ya koma dandamali, inda yake faɗuwa tim a kan katako ko kai ba ya karewa, sannan talabijin, sannan fim. Duk inda za a kashe wani, shi ake nema. Abokan aiki ma Marigayi suke kiransa, yana amsawa da fara'a.

Bai tara komai ba, bai damu ba. Burinsa guda ne: a binne shi a gonar ayabar gidansu, a ɗan filin da ya rage kusa da kabarin mahaifinsa. Kowa a dangi ya san wurin nasa ne.

To, ga inda zaman birni ya cuce shi. Wani matashin darakta yana neman gonar ayaba don ɗaukar jana'iza a fim, sai Mutayoba da bakinsa ya ce su zo tasu. Da hannunsa kuma ya nuna wurin nan da ya ajiye wa kansa. Wai yana so ya ji yadda kwanciyar za ta kasance! Aka haƙa, aka naɗe shi a farin ƙyalle, aka zura shi.

Yana kwance a ciki yayarsa Kokwenda ta dawo daga coci. Ya ji masu kukan haya sun yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Da ya buɗe ido sai ga fuskarta a bakin ramin. Ba ta yi ihu ba, sai littafin addu'arta ya suɓuce ya faɗo masa a ƙirji.

Kafin a kwance shi dattawan unguwa sun cika gonar. Suka ce ai ko yaro ya san kabari ba ya kwana da baki buɗe, in ya kwana sai ya kira wani daga gidan. Dole a sa masa kututturen ayaba a rufe, kuma wurin da aka rufe ba a sake tona shi har abada. Mutayoba ya yi ta rantsuwa wasa ne, ya nuna musu kyamara, ya nuna fitilu. Mutumin da ya sa ƙasa guda kuka ya kasa motsa tsofaffi shida.

Yana tsaye, ƙyallen a kafaɗarsa, aka sare ayaba aka kwantar a ramin, kusa da mahaifinsa. Ya ji ƙasa na zuba a kanta.

"Yaya, to ni ina za a sa ni?"

"Can bakin hanya, ƙanena, inda ake sa baƙi," in ji Kokwenda. "Naka kam ka bayar."

Bayan wata takwas fim ya fito. Mutayoba ya zauna ya kalle shi tun daga farko har sunaye suka gama wucewa, sannan ya kira daraktan. Yaron ya ba shi haƙuri, ya ce fim ɗin ne ya yi tsawo, sai suka yanke jana'izar.