Ranar da Aka Kaɓe Hular Malam

Tun ina yaro a Zariya mahaifiyata take cewa zuciyata a kusa take, kuma ban taɓa ƙaryata ta ba. Shekarata ta uku a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ina ɗaga kwalaye a wani katafaren sito a bayan titin Wendover. Doka ɗaya manaja ya fi nanatawa: duk wanda ya ɗaga wa wani hannu, ranar zai ajiye katinsa ya kama gabansa. Matata kuwa cikinta wata bakwai, inshorar asibitinmu kuma a jikin aikin nan take.

Mu biyu ne Hausawa a wurin, ni da wani dattijo ɗan Maraɗi da muke kira Malam. Malam ba ya yarda a ga kansa babu hula. Da aka hana shi sa ta gida, sai ya je gwanjo ya sayo hana-sallah baƙa, mai wasu haruffa a goshi. Daga ni har shi babu wanda ya damu da ma'anarsu. In zai yi sallah ya juya bakinta baya, shi ke nan.

Ƙarshen Yuli, Turawan sito ba su da zance sai besbol, wasan nan nasu na jifan ƙwallo a doke ta da kulki. Ana raɗe-raɗin ƙungiyarsu za ta ba wata ƙungiyar Arewacin ƙasar gwanin ɗan wasanta na jifa, a musanya mata da matasa biyu. Wannan ya ce an gama magana, wancan ya ce ƙarya ce, wani ya ce ai kafaɗarsa ta mutu, gara a rabu da shi. Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne direban motar ɗaga kaya, wani jibgege mai jan gemu, wanda har karensa ya raɗa wa sunan ɗan wasan.

Ranar Alhamis da azahar muna ɗakin cin abinci, rediyo ya ce cinikin ɗan wasan saura sa hannu kawai. Jibgegen ya daki tebur, ya waiwayo, idonsa ya sauka kan Malam da kwanon shinkafarsa. Ashe haruffan nan tambarin ƙungiyar Arewan ne.

"Kai ma murna kake yi, tsoho?" in ji shi da Turanci.

Turancin Malam bai wuce na gaisuwa ba. Ya yi abin da ya saba in bai gane ba, ya yi murmushi ya ce, "Yes, yes."

Sai mutumin ya kai hannu ya kaɓe hular. Ta faɗi ƙasa, furfurar Malam ta bayyana, ɗakin ya kwashe da dariya. Malam sa'an ubana ne, ni kuwa ban taɓa ganin kan ubana a buɗe gaban mutane ba. Idona ya rufe.

Kujerar ƙarfe na fara ɗauka na maka masa a kafaɗa. Ya shaƙo wuyana ya haɗa ni da firji, na ji ƙeyata ta yi ƙara. Na sa masa kai a hanci, jini ya wanke gemun. Muka zube ƙasa cikin shinkafa da fasassun kwalabe, ina dukan bakinsa har haƙorinsa ya tsaga mini yatsa. Wallahi daɗi na ji. Mutum huɗu suka ɓamɓare ni.

A ofis manaja ya sa ni in fassara wa Malam tambaya ɗaya: shin mutumin nan ya ci zarafinsa? Malam ya sunkuyar da kai.

"Ka ce wa patron wasa ne," in ji shi, yana nufin manaja.

"Malam, wasa?"

"Ɗana, wa ya aike ka? Hula ce fa. Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa a Maraɗi."

Da bakina na fassara. Na ajiye katina a kan tebur.

A mota na kunna rediyo don kada in ji kaina. Kafin in fita daga Wendover suka sanar cewa cinikin ya wargaje, gwanin jifa yana nan inda yake.

Ƙarfe biyu da rabi na buɗe ƙofar gida. Matata ta taso da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ta dubi agogo, ta dubi yatsana da ke naɗe da tsumma.

"Gobe fa muke da ganin likita," ta ce.