Muryar Suwaiba a Wayar Unguwarzoma

Duk wanda ya ce mini Safinatu unguwarzoma taurin kai gare ta, ba na musu da shi. Ni maƙwabciyarta ce a Dandin Mahe, katanga ɗaya ta raba mu, 'ya'yana uku a hannunta suka faɗo. Amma in an gama zagin nata, ina so a faɗa mini wa ya koya mata taurin kan.

Shekara ashirin da shida ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin Bodinga. Da ta yi ritaya sai ta share ɗaki biyu a gidanta, ta nemi takardar izini, ta sa gado da tabarma da abin awon jini, ta ci gaba da aikinta. Mata suka riƙa zuwa daga Mandera har Kajiji, bisa babur, a hanyar da ko jaki sai an lallashe shi. Ba don ta fi kowa iya allura ba. Mace na shiga ɗakin za ta tambaye ta, "Ke mi kika so?" Mai son durƙuso irin na iyayenmu ta durƙusa, mai son gado ta hau, mai son innarta a kusa a kira mata ita. Mabiyiya kuwa a ba ki abarki ku je ku binne yadda kuka saba. Na ga matar da ta fashe da kuka kan wannan tambaya. Haihuwarta ta bakwai ke nan, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Sai dai Safinatu ta san iyakarta. In jini ya ɓalle ko ɗa ya kwanta a gicciye, babban asibiti take turawa nan take. To, a nan gizo ke saƙar. A wajenmu mace ba ta fita sai da izinin miji, mazanmu kuwa da an cire albasa sai su bi lodi zuwa Kudu, mako biyu ko uku, waya wani lokaci ta shiga, wani lokaci ta ƙi.

Haka muka rasa Zulai 'yar Mandera. Jini ya ɓalle mata da hantsi, mota na tsaye a ƙofa. Miji ba ya nan, wayarsa a kashe. Uban mijin ya ce shi ba zai shiga hurumin ɗansa ba. Garada bakwai na zaune a gindin dalbejiya, kowa ya san abin da ya kamata, ba wanda ya iya cewa a tafi. Ana kiran la'asar ta cika. Sai ga su sun miƙe da ƙarfinsu, masu haƙa kabari, masu neman likkafani. Wannan kam ba su jira izinin kowa ba.

Tun daga ranar Safinatu ta kafa doka, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda ta zo awon ciki, sai mijinta ya zo ya yi magana a cikin wayarta: sunansa, sunan matarsa, da cewa ya yarda a kai ta asibiti ko ba ya gari. Maza suka yi ta gunaguni suna yi. Wani har gyara hula yake, kamar za a ɗauke shi hoto. In dangin miji sun tare ƙofa sai ta kunna musu muryar ɗansu, su kauce. Shekara huɗu ba ta sake rasa mace ba.

Sai Zayyanu na Kajiji, dillalin albasa, ya kawo matarsa Suwaiba da cikinta na biyar. Da aka miƙa masa waya sai ya ture.

"Ni ba ni magana cikin wayar mace. Huɗu tah haihwa gida, mi yas same ta?"

Safinatu ta so ta sallame su, amma ta dubi Suwaiba, ta kasa. Ta karɓe ta haka nan. Ni da kaina na ce mata ta janyo wa kanta, kuma ban yi ƙarya ba.

Naƙuda ta zo ranar wata Laraba da safe, Zayyanu na can Kudu. Wansa Mukhtari ne ya kawo ta. Safinatu ta shafa cikin sau biyu, ta fito ta ce ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki. Ta aika aka kira mota. Aka buga wa Zayyanu ya fi sau goma, shiru. Mukhtari ya tsaya a bakin zaure ya harɗe hannu.

"Nan anka ce in kawo ta, nan nik kawo ta. Ba matata ba ta. Sai mai ita ya hwaɗi."

"Mukhtari, in munka kai azahar ba ɗa ba uwa."

"Allah na nan."

Ina tsaye a wurin, wallahi da akwai taɓarya kusa da ni da ban san abin da zan aikata ba. Allah na nan mana! Shi ne kuma ya ba ka baki da ƙafa. In buhun albasarsa ne ya fara ruɓa, wa zai jira?

Safinatu ta koma ɗaki. Ta ɗaga labule yadda duk wanda ke tsakar gida zai ji, ta durƙusa gaban Suwaiba, ta danna ɗaukar murya a wayar ta kai mata baki.

"Suwaiba, cikin ga naki na, ran ga naki na. Ke mi kika so?"

Suwaiba mace ce da ko sunan mijinta ba ta faɗa. Zufa ta jiƙa mata zane. Ta cije leɓe har ciwon ya lafa, sannan ta ce, "Ni Suwaiba, na yarda a kai ni. Ɗiyana huɗu na gida. Ba ni son mutuwa."

Mu mata huɗu muka ciccibe ta zuwa mota. Mukhtari ya ja gefe, don ko shi bai isa ya kai hannu jikin matar ƙanensa ba. A asibiti aka yi mata aiki, aka ciro namiji yana ta tsala kuka.

Zayyanu ya dawo ya yanka rago, ya sha barka da arziki kamar shi ya yi naƙudar. Ko tsokar suna bai aiko wa Safinatu ba. Kashegari ya kai ƙararta gaban dattawa, wai ta fitar masa da mata ba izini, tana koya wa matan aure tsaurin ido. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mazan Kajiji suka hana matansu zuwa, na Mandera da dama suka bi sahu. Yanzu tabarmarta a naɗe take, sai jifa-jifa wata ta leƙo. Sauran sun koma haihuwa a ƙuryar ɗaki, kuma ba wanda ya kai ƙarar kowa a kan haka.

Jiya na shiga na same ta tana tsintar wake, wayar na gefenta. Na ce ta goge maganar nan da ta jawo mata masifa. Ta harare ni, ta kunna, muka sake ji tun daga farko. Ta ce murya ɗari biyu da goma sha ɗaya ke cikin wayar, ta ƙirga. Duka a kan cikin mata ake magana, kuma ta Suwaiba kaɗai ce ta mace.