Fallen da Na Jiƙa a Ƙwarya

Tun ba a miƙo mini littafin ba nake jin tsoronsa. Ranar da matan unguwarmu a Kalgo suka ce tunda zan tafi ganin gida Gwandu, in aro musu waƙar nan ta mata a gidan malam, sai na fara lissafin abin da zai iya samun littafin. Ni da ko ludayin aro ba na son ya kwana a ɗakina. Ga goyo, ɗiyata ba ta cika shekara biyu ba, duk abin da hannunta ya kai baki za shi. Ga akuyar maƙwabta da ke cin har igiyar shanya. Ga gara. Ga tafiyar kwana biyu bisa jaki. Na jera wa mijina waɗannan duka, ya ce in ba zan iya ba in faɗa musu ba zan iya ba. Ban faɗa ba, kunya ta hana ni.

Wanda bai san Gwandu ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Kusa da gidan da aka haife ni akwai gidan wani tsohon malami. A ciki akwai ɗaki guda da ba a kwana, littattafai ne kawai, kowane cikin gafakarsa ta fata, rataye a bango. Damina da kaka ɗakin a rufe yake, kowa na gona. Da bazara ta kama, aiki ya yanke, sai a buɗe shi ga kowa da kowa. A fito da littattafan a kakkaɓe, a baza su a inuwa bisa tabarmi, a danne da ƙananan duwatsu, don ba ɗinke suke ba, fallaye ne ɗai-ɗai tsakanin fata biyu. Maza na zama a zaure da hantsi, masu karatu na karatu, masu juyar littafi na kwafa wa kansu. Mutanen Masama har da guzurinsu suke zuwa. Mu mata kuwa cikin gida muke taruwa bayan azahar, ƙarƙashin durumi, wajen yayar malam, wadda babba da yaro ke kira Goggo. Ita ke rera mana waƙoƙin karatu, na tsarki da salla da zaman maƙwabta, muna amsawa muna kaɗin auduga. Ana kuma ba da aro, da sharaɗi ɗaya: littafi ya dawo kafin ruwan farko ya sauka.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na san baƙaƙe, amma haɗa su kamar tsintar tsakuwa ne a shinkafa. A Kalgo muna da tsohuwa ɗaya, matar wani masunci, wadda ta iya karatun ajami sarai. Ita za ta karanta mana, ni tawa ɗaukowa ce kawai.

Da na durƙusa gaban Goggo na faɗi saƙon, ta dube ni da idanunta da suka fara fari.

"Ke ce 'yar aiken Kalgo bana?"

"Ni ce, Goggo."

"To mi kike ma rawar jiki? Littahi na, ba kunama ba."

Mata suka yi dariya. Ta sa aka sauko da wata gafaka da ta yi baƙi don tsufa, ta zare littafin, ta shafa shi da tafin hannu.

"Wanga rubutun innata na," in ji ta. "Da hannunta ta juye shi tun ina goye. Ki kai musu, ki maido min kamin ruwa."

Na naɗe gafakar cikin sabon zanena, na sa a ƙwarya, na rufe da faifai. Kayana na ɗora wa jaki, wannan kuwa a kaina na ɗauke shi. Duk inda muka tsaya shan ruwa sai na buɗe na leƙa. Ƙanen babana da ya rako ni, tun kafin mu kai Birnin Kebbi ya gaji da ni, ya ce ko ƙwai na ɗauko da yanzu na ƙyanƙyashe su.

A Kalgo aka yi ta zama gidan matar masuncin. Gida ne da ƙamshin kifin banda ya kama ko'ina, don haka sai ta wanke hannu sau uku da toka kafin ta taɓa falle. Muryarta ba ta kai ta Goggo daɗi ba, tana tsayawa tana gyara, amma mata cika tsakar gidan suke yi, har daga Dangoma wasu suka zo. Ni dai ban ji rabin abin da ake rerawa ba. Idona na kan yatsunta, da kan yaran da ke rarrafe kusa da tabarma, da kan iska. Ana tashi in karɓe abina in kai ɗakina in rataye. Sukan ce, "Ga uwar littahi nan ta taho ɗaukar ɗanta."

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama ɗiyata. Da safe lafiya lau ta sha kunu. Kafin rana ta take, jikinta ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ta ƙi nono, idanunta suka fara juyawa sama. Mijina na fadama wajen sharar gona, uwar mijina ta tafi neman ganyen sabara. Na aika gidan liman a yi mata rubutun sha, aka ce ya tafi Wurogauri jana'iza, sai gobe. Na fita ƙofa, na dawo. Na sake fita. Rana ta ƙwalle, ko kaza ba ta motsi. Na jiƙa zane na lulluɓe ta, nan da nan ya bushe.

Sai idona ya faɗa kan gafakar.

Zan faɗi abin da na yi tunani yadda na yi shi, ba zan gyara ba. A gidanmu in yaro ba shi da lafiya, a allo ake rubutu a wanke a ba shi, allon ya bushe a sake rubutawa. Na ce ai rubutu rubutu ne, ga shi kuma na hannun tsohuwar kirki. In wanke falle ɗaya a hankali, tawadar ta sauka a ruwa, in shanya takardar, in na koma Gwandu a mayar mata da rubutunta. Na buɗe na duba. Fallen ƙarshe ya fi kowane kyau, an kewaye shi da jan zane, a ƙasa rubutun ya tattaru ya tsuke kamar bakin tulu. Na ce wannan shi ya fi albarka.

Abin da ban sani ba, tawadar allo daban, ta takarda daban. Ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na taɓa ta take bi. Ta takarda da bagaruwa ake dafa ta da kashin maƙera, in ta kama ta kama. Na zuba ruwa a ƙwarya na sa fallen, rubutun bai motsa ba. Na shafa da yatsa, jan ya ɗan saki, baƙin yana nan. Na ƙara gogawa. Sai takardar ta rabu a hannuna, ta zama kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Na yi ta tattarawa ina shimfiɗawa a faifai ko za ta haɗu, tana ƙara narkewa. Ruwan dai na ɗura wa yarinyar, rabi ya zube mata a wuya.

Bayan kwana uku ta tashi ta nemi nono. Uwar mijina ta yi ta yi mata wanka da sabara, liman ma da ya dawo ya yi mata rubutu. Ban san wanne Allah ya sa wa albarka ba, kuma ban gaya wa kowa nawa ba.

Daga nan zama ya gagare ni. Na ce wa mata na ga hadari a gabas, littafi zai koma. Suka ce wane hadari, da sauran kwanaki. Na ce ni dai na gani. Duk tsawon hanya ina saƙa abin da zan faɗa. In ce akuya ce. In ce iska ta ɗauke a gidan matar masunci, to, kuma in ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba? Ko in yi shiru in miƙa, tunda idon Goggo ya yi rauni, falle ɗaya cikin masu yawa wa zai lura? A kan shirun na tsaya lokacin da muka hango Gwandu.

Na same ta ƙarƙashin durumi, mata sun kewaye ta. Ta karɓi gafakar, ta zare littafin, ba ta buɗe shi ta farko ba. Kifar da shi ta yi bisa cinyarta ta ɗaga fatar baya. Ashe kullum haka take yi, ta nan take fara gaida mahaifiyarta. Ta kai fallen kusa da ido, ta shafa gefensa, ta ajiye.

"Ina na ƙarshe?"

Na sunkuyar da kai.

"Akuya ta?"

"A'a, Goggo."

"Gara?"

"A'a. Ni ce."

Na faɗa mata duka, har da ƙwaryar da faifan. Mazaran kaɗi suka tsaya. Can sai wata ƙawar innata ta kasa riƙewa ta fashe da dariya.

"Kun ji min 'yar nema! Waƙa ta ɗura ma jinjira. To ku shirya, wagga in ta girma ba mai barci a Kalgo."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Goggo ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ɗiyar ta tashi?"

"Ta tashi, Goggo."

"Alhamdu lillahi. Wannan ya wuce." Ta shafa bayan littafin. "A nan innata ta roƙi duk wanda ya karanta shi yi mata addu'a. Kin wanke mata roƙonta. Ba ni zagin ki, uwa ce ke, tsoro ya kama ki. Amma littahin da ba shi da ƙarshe ba shi hita gidan ga. Kuma Kalgo ba ta ƙara ganin aro sai fallen ya koma wurinshi. Hannun da ya ɓata, shi ka gyarawa."

Na ce, "Goggo, ban iya rubutu ba."

"Wanki kinka iya, na gani. Wata bazara na nan tahe, ki zo ki koya."

Bazara uku ke nan ina zuwa. Mijina na rako ni ya koma, in zauna wata guda ko fiye. Na fara a allo tare da 'yan mata ƙanana da na girme wa nesa ba kusa ba, suna yi mini dariya in baƙi ya karkace. Na koyi feƙe alƙalami, na koyi dafa tawadar bagaruwa da hannuna, na ga yadda take cin takarda. Bara Goggo ta ce hannuna ya isa. Aka ba ni sabon falle, ta jingina da durumi tana rerawa ina rubutawa. Muka yi nisa, sai ta tsaya. Ta koma baya ta sake ɗaukowa, ta tsaya a wuri ɗaya. Baitocin da ke rufe waƙar, kafin roƙon mahaifiyarta, sun ɓace mata. Ta ce ba ta taɓa haddace su ba, tunda ga su a rubuce.

Na bi matan da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta san farkon waƙar kamar sunanta, ta san tsakiya. Ƙarshen babu wadda ta sani. Da na yi tunani sai na ga dalili, don ni ma haka nake. Duk lokacin da Goggo ta kai nan, an kira la'asar ke nan, wannan na neman takalminta, wannan na saɓa goyo, waccan ta tuna ta bar wake a wuta. Shekara da shekaru ana rera baitocin nan ga bayan mutane. Malam da aka tambaye shi ya ce shi bai taɓa buɗe waƙar mata ba. Na roƙi Goggo ta bari a rufe hakanan, ta ce ba ta sa wa innarta magana a baki, ba ta kuma yanke mata.

A Kalgo ba wadda ta yi faɗa da ni, da ma sun yi. In na fito rijiya sai in ji, "Malama, ina littahinmu?" Ranar da zan taho bana matar masuncin ta kira ni ta ba ni kifi in kai wa Goggo, ta ce in gaya mata idonta ita ma ya fara hazo, in da abin karantawa a hanzarta. Ita kuma Goggo bana sai an riƙe ta take fitowa ƙarƙashin durumi. Jiya da yamma iska ta juyo da sanyin ruwa, na ga an fara mayar da gafakai bango. Na tashi na zauna ya fi sau goma.

Goggo ta ce a zamanin mahaifiyarta mata da yawa sun juyi wannan waƙa, wasu an kai su aure ƙauyuka da ita cikin kayansu. Shi ya sa na rubuta wannan a guntayen takardun da nake koyo da su, zan sa a ajiye a zaure inda masu karatu ke zama. Ku yi haƙuri da karkatar hannun.

Kai da ka karanta, in ka koma gida ka tambayi tsofaffin matan gidanku. Waƙa ce ta Hausa a kan zaman mace da maƙwabtanta da renon 'ya'ya, a tsakiyarta akwai inda ake faɗan kada a hana maƙwabciya wuta ko guga. In akwai ta a gafakar wata, ko wata ta riƙe ƙarshenta a ka, don Allah a aiko mana gidan malam a Gwandu, ko a faɗa mini ƙauyen in zo da kaina in rubuta a gabanku.